Allon da Ban Cire Ba

Duk wanda ya biyo ta lungunmu a tsohon garin Agadas, kafin ya ga ƙofa zai ga alluna. Sun rufe bangon jar ƙasa daga ƙugun mutum har kusa da indararo, wasu na tagulla, wasu na farin ƙarfe, kowane da sunan kamfani a jikinsa. Baƙi kan tsaya su karanta, sai su leƙa zaure suna neman inda aka cusa wannan uban kamfanoni a gidan ƙasa irin na kakanni. Nakan bar su su gama mamakinsu, sannan in ce su shigo a ba su ruwa. Ni ce mai gidan, ni ce sakatare, kuma ranar da mai shara ta yi fushi ni ce mai shara.

Sana'ata kashi biyu ce. Akwai masu ɗaki, waɗanda ke hayar biro, wato ofis, da kayansa, tabur da kujeru da intanet da na'urar sanyaya ɗaki, su shigo da jakarsu kawai su kama aiki. Akwai kuma masu allo. Su ba su da ɗaki, ba su da ko kujerar da za su ce tasu ce. Abin da suke haya shi ne ƙofar gidan. A kafa musu allo a bango, su rubuta adires ɗinmu a takardunsu, in karɓi wasiƙarsu, in amsa musu talho, wato waya, idan wani babba zai gana da su in buɗe musu ɗakin taro na ɗan lokaci. A garin da ake kwatancen gida da bayan mai tsire ko gaban tsohuwar rijiya, mutumin da yake so hukuma ta ba kamfaninsa takardar izini yana bukatar ƙofar da za a iya nunawa da yatsa.

Mutane suna cewa na kawo sabon abu garin nan. Ina jin daɗin maganar, ba na musa musu, amma na san a gidanmu na taso na iske shi. Babanmu mai masauki ne, haka ma kakanmu. Abzinawa masu ayari idan suka taso daga Bilma da gishiri da dabino, a ƙofarmu suke durƙusar da raƙuma. Fataken Damagaram masu gero da turamen zane, a zaurenmu suke kwance kaya. Wanda yake neman ɗayansu a kasuwa, sai a ce masa a gidan wane yake sauka, shi ke nan an ba shi adires. Saƙonsa nan yake zuwa, ajiyarsa nan take kwana, in rigima ta haɗa shi da ɗan gari nan ake zama a raba. Innarmu kuwa ban taɓa ganin ta ɗora tukunya daidai bakinmu ba, kullum da rabon wanda ba a san da zuwansa ba.

Da Baba ya rasu, ayari ya riga ya ja baya, gidan ya rage mana mu uku. Akwai Yayana, kontabul ne a Yamai, wato mai aikin lissafin kuɗi, mutumin da ko goro aka ba shi sai ya juya shi ya ga ko an gutsura. Akwai ƙanwata da ke aure a Cirozerin, mijinta ya bar aikin kwal da tarin da ba ya jin magani, ga 'ya'ya cike da tsakar gida. Sai ni, wadda na yi shekaru ina sakatare a kamfanin da ke kai Turawa yawon buɗe ido cikin Sahara, har Turawan suka ɗauke ƙafa aka rufe kamfanin aka ba mu haƙuri. Ba a yi sadakar arba'in ba wani Alhaji mai manyan motoci ya aiko yana son gidan. Bai ɓoye ba, rushe shi zai yi ya ajiye tayoyi da gangunan mai.

Yaya ya so a sayar, kuma ba don rashin son Baba ba ne. Ya ce gidan ƙasa kowace damina sai an yaɓe shi, ba wanda zai zauna ciki sai ni, ga ƙanwarmu tana bukata. Ni kuwa na kafe. Na yi kuka, na yi faɗa, na faɗi maganganun da sai da na ba da haƙuri daga baya. A ƙarshe Kawu, ƙanen Baba, ya zaunar da mu a zaure ya yanke. Gida zai tsaya muddin yana ciyar da kansa, yana kuma ba kowane magaji rabonsa duk shekara. Shekarar da ya kasa, a kira Alhaji. Yaya zai riƙa zuwa lokacin bikin Biyanu ya duba yadda aka yi.

"Na yarda," in ji Yaya. "Amma ki sani, ran da ya gaza ba ni sauraren kuka."

Na ce masa ya ajiye tausayinsa, ba zan bukata ba.

Shekarun farko sun zo mini da daɗi. Lokacin furoje ne, wato ƙungiyoyin agaji da suka cika garin saboda baƙin da ke bi ta nan zuwa arewa. Kowa yana neman biro mai wuta da sanyi, kuma ba kowa yake son ya gina nasa ba. Na gyara ɗakunan, na sa farar ƙasa, na ja wuta, na mai da babban ɗakin da Baba yake saukar da madugai ɗakin taro. Fararen motoci suka riƙa toshe lungunmu har mai kura ba ya samun hanya. Yaya ya zo Biyanu ya duba takardu, ya gyara tabarau, ya ce ba laifi. Wanda ya san Yaya ya san wannan kirari ne.

Masu allo a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Na ɗauke su a matsayin kuɗin cefane. Akwai maƙeran azurfa da ke son aika kaya waje, akwai direbobi da suka haɗa hannu suka yi ƙungiya. Sai kuma masu haƙar zinariya suka fara shigowa, mutanen kudu, daga Maraɗi da Tasawa da Katsina har Zamfara, waɗanda ke wata da watanni cikin hamada suna tonon rami. Duk wanda ya ɗan samu yana so ya sayi injin niƙa dutse ko ya nemi izinin fili, sai a ce masa ina kamfaninka yake, sai ya zo wurina.

Da su ne muka fara samun saɓani. Ni na gaya musu allo kawai suka haya. Su kuwa abin da kunnensu ya ji shi ne sun sami masauki a Agadas. Sai ka ga mota ta sauke mutum daga daji, ya shigo da buhunsa a kafaɗa, ya yi sallama, ya jingine buhun a zaure, ya tambayi inda zai watsa ruwa, kamar gidan ubansa. Ranar da abin ya fara faruwa na fito da takardar yarjejeniya ina nuna musu layi layi, ina cewa ina aka rubuta wanka, ina aka rubuta barci. Suka saurare ni cikin ladabi, suna cewa gaskiyarki Hajiya, gaskiyarki. Da na gama, ɗayansu ya tambaya ko da sauran abincin rana. Na shiga ciki ina masifa, ina masifar kuma ina auna shinkafa.

A cikinsu akwai wani ɗan Tasawa, saurayi dogo mai yawan dariya, wanda shi da abokansa suka haɗa jari suka buɗe ɗan kamfaninsu. Allonsu na farin ƙarfe ne, mafi araha da maƙeri yake yi. Ranar da aka kafa shi, ya tsaya gefensa ya harɗe hannu aka ɗauke shi hoto, ya ce zai aika wa tsohonsa. Ya kuma bar mini wata 'yar jaka in ajiye masa. Farar shadda ce a ciki, riga da wando da hula, da takalmi sau ciki. Duk sanda ya shigo gari zai ga hukuma, sai ya yi wanka ya ɓuya bayan ƙofa ya sauya, ya fito kamar mai shirin ɗaurin aure. In ya dawo ya ninke su ya miƙo mini, ya koma cikin tsummokaransa na rami. Kullum tambayarsa ɗaya ce da ya sako ƙafa a zaure.

"Hajiya, an yi sallama da ni?"

Sau da yawa ba wanda ya yi, sai in ce masa manyan mutane ba a cika damunsu da sallama ba. Sai ya yi dariya har ya dafa bango.

Da Yaya ya zo Biyanu na gaba, idonsa ya faɗa kan abin da tukunya take ci. Ya ɗora yatsa a wurin ya dube ni ta saman tabarau.

"Ke, wanga biro ne ko gidan baƙi? Mutum ya biya kuɗin allo, kina ba shi shinkahwa da miya?"

Na ce haka Inna take yi.

"Inna ba ta biyan kuɗin wuta," in ji shi.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Na yi masa alkawarin zan rage. Na rage nama, ban rage tukunya ba.

Abin da ya girgiza gidan ya faru ne a wata safiya cikin bazara. A lokacin babban mai hayata wani furoje ne da ya kama rabin ɗakunan, kuma shi ne ginshiƙin rabon da nake ba 'yan'uwana. Sun riga sun kama ɗakin taro za su yi wani zama na kwanaki, sun gayyato mutane daga Arlit da Ingal, na jera kujeru, na sayo ruwan gora, har furen roba na ɗora a tabur. Ina cikin goge-goge talho ya yi ƙara. Wani ma'aikacin gidan likita ne. Ya ce an kawo musu mutum daga wurin zinariya, rami ya rufta da shi, an yi ta fama a hanya, ya cika da asuba. Ya ce sun tambayi abokansa ina ne gidansa a gari, suka ba da nawa. Da ya faɗi sunan sai na zauna a ɗaya daga cikin kujerun da na jera. Ɗan Tasawa ne.

Ba a jima ba abokansa suka iso, su huɗu, ƙafafunsu fari fat, idanunsu jawur. Ba su roƙe ni komai ba. Suka zube a zaure inda suka saba ajiye buhu, suka sunkuyar da kai. Babba a cikinsu ya ce sun sanar da tsohonsa, ya kamo hanya, amma ba zai iso ba sai an rufe. Dukkanmu mun san tambayar da ke tsakaninmu. Daga wace ƙofa za a fitar da shi, kuma a ina tsohon zai zauna a yi masa gaisuwa?

Na aika aka kira Kawu, ba don ban san amsar ba, sai don ina so in ji ta a bakin wani. Ya zo yana dogara sanda, ya ji bayani, ya ce a zamanin Baba baƙon da ya rasu a gari mai masaukinsa ne yake fitar da shi, shi ne kuma yake karɓar gaisuwa. Ya ƙara da cewa amma yanzu zamani ya sake, gida kuma a hannuna yake, ba zai tilasta mini ba. Tsoho mai wayo, ya ɗora mini kayan ya koma gefe yana jan carbi.

Na shiga biron shugaban furojen. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Na gaya masa akwai gawa da za a kawo, kuma ɗakin taro zai zama wurin zaman makoki kwana uku. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Madame, c'est pas possible, ba ya yiwuwa. Mun yi kontira da ke, kin sa hannu. Mutane suna hanya. Marigayin ɗan'uwanki ne?"

Na ce a'a, mai allo ne.

"To ai akwai masallaci, akwai tasha inda 'yan garinsu suke. Mi ya kawo shi nan?"

Na ce masa shi marigayin nan ya rubuta a takardunsa, kuma ni na karɓi kuɗinsa a kan ya rubuta. Idan wasiƙarsa ta zo nan nake karɓa, ba zan ce yau da shi kansa ya zo ban san shi ba. Na mayar musu da abin da suka ba da na ɗakin taro, na buga talho na samo musu wuri a wani otal. Ya karɓa, ya yi mini ta'aziyya cikin mutunci, amma na ga a fuskarsa ya gama yanke shawara. Ban ga laifinsa ba, shi ma akwai waɗanda yake ba amsa. Yaya kuwa ban kira shi ba, don na san abin da zai ce kuma ba ni da lokacin jin sa.

Muka kwashe taburori da kujeru muka tara a tsakar gida, muka shimfiɗa tabarmi. An yi masa wanka a ɗakin baya, inda aka yi wa Baba. Bayan azahar aka fito da shi aka ajiye a ƙofar gida, daidai ƙarƙashin alluna, limamin unguwa ya shige gaba. Ina leƙe ta tagar soro. Na zaci sahu ɗaya za a yi, don wa ya san shi a Agadas? Sai ga maƙera sun rufe rumfunansu sun zo, ga direbobi, ga maƙwabta da suka ji an ce gawa ta fito daga gidanmu suka taho ba tare da tambayar ko wane ne ba, ga masu zinariya daga kowace kusurwa ta gari kamar an buga musu ganga. Lungun ya cika har bakin hanya. Na yi kuka sosai a wannan taga, kuma a cikin kukan akwai alfahari, ba zan ɓoye ba.

Tsohon ya iso washegari da yamma, motarsu ta lalace a Adarbisanat ta ɓata musu lokaci. Ɗan ƙaramin dattijo ne da rawani da buta a hannu. Bai shiga zaure ba. Ya tsaya gaban bango ya ciro hoton nan daga aljihu, an wanko masa shi a takarda har ya fara yagewa a gefe. Ba ya karatun boko, don haka sai ya riƙa duban hoton yana duban bango, allo bayan allo, har ya gano na ɗansa. Ya ɗora tafin hannu a kai ya daɗe bai ɗauke ba.

Da ya huta aka kawo shi muka gaisa. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya. Tsorona ɗaya ne, kada ya tambaye ni ina biron ɗansa, don ban san yadda zan gaya wa mutumin da ya yi wannan tafiya cewa ɗansa ko kujera ba shi da ita a nan ba. Sai na riga shi, na nuna masa ɗakin da yake zaune na ce, Baba, nan yake ganawa da manya in ya shigo gari. Ba ƙarya na yi ba. Tsohon ya dubi rufin azara, ya dubi bango, sannan ya dube ni.

"Ɗiyata, na san ɗana bai da gida a Agadas. Bai taɓa ce mini yana da shi ba. Cewa ya yi yana da inda an ka san shi. Na zo na gani, gaskiya ya hwaɗi."

Na tashi na ɗauko 'yar jakar na ajiye a gabansa. Ya buɗe ya ga farar shaddar a ninke, ya shafa ta, ya ce bai taɓa ganin yaron cikin irin wannan tufa ba. Na ce masa tana yi masa kyau ƙwarai, har hular ya iya karyawa.

A ƙarshen wata furojen ya tattara ya koma wani gini a hanyar filin jirgi. Rabin gidana ya zama kango, ina share ɗakunan da ba kowa ciki. Na nemi masu haya har na gaji. Da Biyanu ya zo ana ta kiɗa a gari, mu muna zaure kamar masu jiran hukunci. Gidan ya ciyar da kansa da ƙyar, rabo kuwa babu. Na sayar da na'urar sanyi ta ɗakunan da suka mutu, na haɗa da awarwarona na aure, na ba ƙanwata abin da ya samu, bai kai rabin abin da ta saba karɓa ba. Ta karɓa ba ta dube ni ba. Ta ce mijinta yana kwance, ni kuma na zaɓi baƙon da ya riga ya mutu. Maganar ta soke ni. Ta yi watanni ba ta ɗaga talho in na kira.

Yaya bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce sharaɗi ya cika, a kira Alhaji. Kawu ne ya sa baki, ya ce shi ya faɗi yadda ake yi a zamanin Baba, don haka da hannunsa a ciki, a yi masa alfarmar shekara ɗaya saboda furfurarsa. Yaya ya juya ya dubi Kawu.

"Saboda kai, Kawu. Biyanu mai zuwa in babu, ba roƙo."

Bayan tafiyarsa da 'yan makonni wani Bakatsine ya yi sallama, da ƙurar rami har cikin girarsa. Bai tambayi farashi ba. Ya ce nan ne gidan da aka fitar da ɗan Tasawa? Na ce nan ne. Ya ce yana son allo. Muna cikin cike takarda ya rage murya ya ce, Hajiya, in ta faru, ni ma haka za a yi mini? Na ajiye alƙalami na ce masa, kai hayar allo ka zo ko ajiyar likkafani? Ka je ka tono zinariyarka ka dawo da ranka ka biya ni. Ya yi dariya, amma bai tafi ba sai da na ce masa e.

Bayansa wani ya zo, bayan wannan wasu suka zo su biyar a mota ɗaya. Ashe labarin ya zaga ramukan nan kaf, ana ba da shi wurin shan shayi. Mutumin da ya bar garinsu ya shiga ƙarƙashin ƙasa, abin da ya fi tsoro shi ne ya ɓace ba a san inda za a neme shi ba. Har waɗanda ba su da kamfani suka riƙa zuwa, suna so dai su ba iyalinsu lambar gidan da za a kira. Maƙerin da ke yi mini alluna ya ce na hana shi ƙera 'yan kunne. Ɗaki ɗaya cikin waɗanda suka mutu na cika shi da akwatunan ƙarfe, kowa da nasa da makullinsa, na ajiyar kayan shiga gari, ana biya. Tukunya ma ta daina cin riba, don su da kansu suka riƙa sauke mini buhun shinkafa da galan na mai, ba tare da na tambaya ba. Da masu sayen zinariya suka ga inda masu haƙa suke taruwa, sai suka zo suka kama sauran ɗakunan.

A cikin wannan shekarar ne al'amuran ƙasa suka juya, furoje da yawa suka naɗe tabarmarsu suka bar garin. Waɗanda suka gina manyan birori masu gilashi saboda su suka wayi gari da makullai a hannu. Ban yi musu dariya ba, na san ɗacin share ɗakin da ba kowa. Amma da na fito da safe na ga bangon Babana ya cika har ana neman wurin kafa ƙusa, nakan ji kaina ya yi girma, kuma ba na neman gafarar kowa a kan haka.

Biyanu ya zagayo. Yaya ya sauka, ƙanwata ma ta zo, karo na farko tun waccan rana. Na sa an yaɓe gidan ciki da waje. Muka zauna a zaure gaban Kawu, na miƙa wa Yaya takardu, na miƙa wa kowa rabonsa, har da cikon na bara da ban ba su ba. Ƙanwata ta riƙe nata ta fashe da kuka, ta jawo gefen zanena ta riƙe kamar lokacin da muke yara. Yaya ya yi ta juya takardu. Abin da ke ciki a fili yake, masu allon da na ɗauka kuɗin cefane su ne yanzu suke ɗauke da gidan, fiye da yadda masu ɗaki suka taɓa yi. Ina jira ya ce ba laifi. Maimakon haka sai ya miƙe ya fita ƙofar gida, ya tsaya gaban bango hannuwansa a baya. Ya jima sannan ya dawo.

"Akwai allo guda da ban ga mai biyanshi ba."

Na gyara zama. Na ce na ɗan Tasawa ne. Abokansa sun raba jari kowa ya kama gabansa, kamfanin ya mutu tare da shi. Na ce na san wurin yana da masu so, na san ƙa'ida, amma tsohonsa ya ɗora hannu a kansa, kuma ba zan cire ba ko da za a kira Alhaji yau.

Kawu ya daina jan carbi. Yaya ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, ya tattara takardun ya daidaita bakinsu a gwiwa.

"Ƙa'ida ƙa'ida ce," in ji shi. "Ba a zama bangon Baba kyauta. Ki riƙa cirewa cikin rabona."

Na karɓi takardun daga hannunsa. Shi kuwa ya juya wajen ƙofar tsakar gida inda ƙamshin miya yake fitowa, ya ce wannan tukunyar da ake ta labari har Yamai, ba a zuba wa kontabul ne?

Tun daga ranar ba wanda ya sake ambaton Alhaji mai motoci a zaurenmu. Duk shekara ina cire kuɗin allon daga rabon Yaya, kuma duk shekara sai ya duba ya tabbatar na cire.